Shirya Liyafar Seder a Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daren Idin Ƙetarewa na Yahudawa

Tambayoyin nan sun fito ne daga bakin mutane iri uku: matan da aure ya kai su gidan Yahudawa a Ingila ko Amurka, masu girki da aka ɗauka aiki a irin waɗannan gidaje, da maƙwabtan da aka gayyata suka rasa ta inda za su ɓullo wa abin. Ni kaina ta ƙofar kicin na shiga harkar, a arewacin Landan, inda na yi shekaru ina taya wata dattijuwa maƙwabciyata shirin wannan dare. Abin da ke ƙasa ba fatawa ba ne. Duk inda maganar hukunci ta taso, rabbin gidan, wato malaminsu, shi ne mai ta cewa.

Wane idi ne wannan, kuma mece ce Seder?

Yahudawa suna kiransa Fesah, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya kira shi Idin Ƙetarewa. Tunawa ce da fitar Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna a Masar a ƙarƙashin jagorancin Annabi Musa. Seder ita ce liyafar daren farko, kuma ma'anar kalmar a Ibrananci ita ce tsari, domin komai a daren yana da gurbinsa: lokacin sha, lokacin wanke hannu, lokacin tambaya, lokacin ci.

Abin da ya kamata mai masaukin baƙi ya riƙe tun farko shi ne, an shirya daren ne don a ba yara labari. Attaura ta umarci uba ya faɗa wa ɗansa abin da ya faru a Masar, sai aka ɗora labarin a kan tebur yadda yaro zai gan shi, ya taɓa shi, ya ɗanɗana ɗacinsa. A gida ake yi, a cikin iyali, ba a wurin ibada ba. Wanda ya fahimci haka ba zai kashe kansa wajen girki ya bar littafin da za a karanta ba.

Yaushe ake yin ta? Me ya sa ranar ke sauyawa kowace shekara?

Idin yana farawa ne ranar 15 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa, kuma tun da yini a wurinsu yana shiga ne da faɗuwar rana, ana zaman Seder a daren da ya gabaci wayewar garin 15 ga wata, bayan duhu ya shiga. Kalandarsu tana bin wata kamar ta Hijira, sai dai suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19. Shi ya sa idin ba ya zagaye shekara kamar yadda Ramadan ke yi. Kullum tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu yake faɗowa. A 2025 daren farko ya kama 12 ga Afrilu, a 2026 ranar 1 ga Afrilu, a 2027 kuwa 21 ga Afrilu.

A Isra'ila kwana bakwai ake yi da Seder ɗaya. A sauran ƙasashe kwana takwas ne, da Seder biyu a dare biyu a jere, ko da yake gidaje da dama na masu sassauci dare ɗaya suke yi. A tambayi wannan da wuri, domin shi zai nuna ko cefanen dare ɗaya za a yi ko na biyu.

Ban taɓa shiryawa ba. Daga ina zan fara?

Daga tambaya. Yahudawa ba bakinsu ɗaya ba ne a al'adar abinci. Akwai Ashkenazawa, waɗanda asalinsu Jamus ne da Gabashin Turai, akwai Sefardawa da Mizrahawa, na Sifaniya da Maroko da Iraƙi da Iran da Yaman. Abin da yake halas a teburin wancan yana iya zama abin gudu a teburin wannan. Kalmarsu ta al'adar gida ita ce minhag, kuma suna riƙe ta da gaske. A zauna da babbar gidan, ko suruka, ko duk wanda ya fi kowa kiyaye addini a cikin baƙin, a ji yadda suka gada. Ma'aunin da na ga ya fi zaman lafiya shi ne a yi girki daidai da wanda ya fi tsauri, domin mai sassauci zai ci abincin mai tsauri, amma mai tsauri zai zauna da yunwa a gaban abincin mai sassauci.

Bayan haka a ƙirga baƙi, a yi odar matsa, wato gurasar idin marar yisti, da nama tun saura wata guda. A unguwanni irin su Golders Green da Stamford Hill a Landan, makon ƙarshe layi ne har bakin titi a shagunan nama. A kuma tanadi littafin Haggada, wanda ake karanta labarin da addu'o'in daren a cikinsa, kowa da nasa, duk bugu ɗaya, don kada shugaban tebur ya ce a buɗe shafi kaza kowa ya buɗe wani abu daban.

Mene ne hamets da ake ta gudu?

Hamets shi ne duk abin da aka yi da ɗaya daga hatsi biyar, ya haɗu da ruwa, aka bar shi ya tashi. Hatsin su ne alkama, da sha'ir, da wasu uku na ƙasashen sanyi: ots, da rayi, da wani dangin alkama da ake kira sifelt. Malamansu sun ƙayyade minti 18: ƙullun da ya wuce haka ba a gasa shi ba ya zama hamets. Burodi, taliya, biskit, kek, cincin, fanke, giyar sha'ir, duk sun shiga. Haramcin bai tsaya ga ci ba, har mallakarsa a cikin kwanakin idin ba a yarda ba.

Dalilin yana cikin labarin: mutanen sun fita da gaggawa, ƙullunsu bai samu damar tashi ba. A madadin burodi sai matsa, wata gurasa siririya busasshiya mai ƙaras-ƙaras, gari da ruwa kawai, da aka gasa kafin minti 18 ɗin su cika. Akwai ta inji mai kusurwa huɗu, akwai ta hannu mai da'ira da ɗan ƙuna a gefe. Wadda ake kira shimura, an sa ido a kan alkamarta tun daga girbi don kada ruwa ya taɓa ta, kuma ita masu kiyayewa suka fi so a daren Seder.

Inda sabon shiga ke faɗuwa shi ne kayan gwangwani da na kwalba. Dunƙulen miya, yaji haɗaɗɗe, ruwan tsami, miyar kwalba, da yawa akwai alkama ko abin da aka tsamo daga hatsi a ciki. Tambarin kosha, wato halas ɗin Yahudawa, na yau da kullum bai wadatar ba, sai wanda ya nuna na Fesah ne.

To shinkafa fa, da wake, da gero, da masara, da gyaɗa?

Wannan tambaya ta fi kowace zuwa daga masu girki Hausawa, tun da su ne ƙashin bayan tukunyarmu. Babu ɗayansu da yake hamets. Amma tun ƙarnonin tsakiya Ashkenazawa suka ɗora wa kansu barinsu a kwanakin idin, suka kira su kitniyot. Daga dalilan da ake bayarwa, ana adana su kusa da alkama har ƙwayoyi su gauraya, kuma garinsu yana kama da na alkama. Riɗi ma yana ciki, gyaɗa kuwa gidaje da yawa sun sa ta, wasu sun cire.

Sefardawa da yawa suna cin shinkafa, bayan an baza ta a faranti an tsince ta ƙwaya-ƙwaya, wasu har sau uku. A 2015 kwamitin shari'a na malaman ɗariƙar Konsabatib, masu matsakaicin ra'ayi, a Amurka ya halasta kitniyot ga mabiyansa, amma Otodoks na Ashkenazawa, wato masu tsananin riƙo da dokokin addini, suna nan a kan bakansu. Abin da kowa ya yarda da shi: dankalin turawa, dankalin Hausa, doya, karas, albasa, ƙwai, nama, kifi, 'ya'yan itace. A kula da mai ma, domin man gyaɗa da na masara da na waken suya suna bin hukuncin uwarsu a gidan da ba a cin kitniyot. Man zaitun ya fi raba gardama.

Sharar gidan har ina za ta kai?

Duk inda abinci ke shiga. Kicin, falo, ƙarƙashin kujeru, aljihun riguna, jakar makarantar yara, mota. Ɗakin da ba a taɓa kai abinci ba babu dole. Mata da yawa suna haɗa wannan da wankin labule da goge tagogi har su gaji tiɓis kafin ranar. Ƙura ba hamets ba ce, kuma uwar gida da ta iso teburin tana gyangyaɗi ta yi asarar daren da ta sha wahala dominsa.

Daren da ya rage kwana ɗaya ana yin bincike na ƙarshe, bedikat hamets. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina kallo. An kashe fitilu, an ɓoye gutsattsarin burodi goma a naɗe cikin takarda, jikan maƙwabciyata ɗan shekara shida yana riƙe da cokalin katako, yayarsa da gashin tsuntsu, kakansu da kyandir a hannu yana durƙusawa yana leƙa bayan kabad. Duk wanda aka gano, a share shi da gashin zuwa cikin cokalin, a zuba a jakar takarda. Da safe a ƙone. A rubuta inda aka ɓoye goman nan, domin in tara aka samu, ba mai barci sai an gano na goma.

Abin da ya yi tsada a zubar, kamar buhun gari ko kwalayen taliya, ana kulle shi a kabad ɗaya a manne ƙofar, a ba rabbi wakilci ya sayar wa wanda ba Bayahude ba, bayan idi a saye shi a dawo da shi.

Tukwanen da nake amfani da su kullum za su yi?

A gidan masu kiyayewa, a'a, sai an tsarkake su. Yawancin gidaje suna da kwanuka da tukwane na Fesah kaɗai, a kwali, ana sauko da su sau ɗaya a shekara. Wanda ba shi da su zai iya tsarkake na ƙarfe: a wanke tas, a bar shi awa 24 ba a yi amfani da shi ba, sannan a nutsar da shi cikin ruwa mai tafasa. Abin da ke taɓa wuta kai tsaye ba ruwa, kamar ragar gashi, sai an ƙona shi da wuta mai tsanani. Tukunyar ƙasa da tangaran ba sa tsarkakuwa. Saman kanta ana wanke shi a rufe da takardar alminiyom ko wani abin shimfiɗa. A kan gilashi da roba ra'ayoyi sun bambanta, sai a koma ga amsar da ke sama kan minhag. Ga mai shiri na farko, sabuwar tukunya biyu da farantan da ake yarwa sun fi sauƙi.

Me ake jerawa a farantin Seder?

Abu shida, kowanne da abin da yake nunawa. Zerowa ƙashi ne gasasshe, na ƙafar ɗan rago ko wuyan kaza, tunawa da hadayar idin da ake yi a Haikalin Birnin Ƙudus kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya. Ba a cin sa. Betsa dafaffen ƙwai ne da aka ɗan babbaka ɓawonsa. Karfas ɗan ganye ne ko kayan lambu, seleri ko albasa ko dafaffen dankali, da za a tsoma a ruwan gishiri, ruwan da ke tuna hawayen bayi.

Maror shi ne abu mai ɗaci. Ashkenazawa suna gurza wata farar saiwa mai yajin da ke hawa hanci, suna ce mata hiren. A gurza ta kusa da taga a buɗe, a zuba a kwalba a rufe nan take, in ba haka ba ƙarfinta ya tafi kafin dare. Ranar da na fara gurza ta, hawaye ya hana ni ganin magurjin, maƙwabciyata ta miƙo mini tsumma ta ce haka uwarta take yi a bakin ƙofa kowace shekara. Wasu latas mai dogon ganye suke sawa, kuma shi ne yawanci ke cike gurbi na biyar, hazeret. A wanke latas ganye-ganye a ɗaga shi a haske, domin cin ƙwaro haramun ne a wurinsu.

Na shida haroset, wani kwaɓi mai zaƙi da ke kama da laka, tunawa da aikin tubali a Masar. Na Ashkenazawa tuffa ce yankakkiya da wolnot da kirfa da ɗan ruwan inabi. Na mutanen Iraƙi da Maroko da Masar dabino ne tushensa, kuma shi ya fi kwanta wa harshen Bahaushe. A yi da yawa, ana cinye shi. A gefe kuma a ajiye matsa uku a jere, a lulluɓe.

Matsa da inabi nawa zan saya?

Kowane babba zai sha kofi huɗu na giyar inabi, daidai da alkawura huɗu na ceto da ke Littafin Fitowa, sura ta 6. Mafi ƙarancin girman kofi a wurin malamai da yawa kimanin mililita 86 ne, masu tsauri su ce 150. In aka ɗauki kofi mai mililita 100, kwalba ɗaya mai mililita 750 ba ta cika isar mutum biyu ba, don haka a lissafa kwalba ga kowane mutum biyu a ƙara biyu a kai, saboda kofin da ake cikawa a ajiye wa Annabi Iliya, wato Ilyasu, da abin da zai zube. Ja aka fi so. Ruwan inabi marar sa maye ya halasta ga yara da duk wanda ba ya shan giya, muddin yana da tambarin Fesah.

Matsa kuwa sau uku ake cin ta a matsayin wajibi a daren, sai a ware wa kowane babba falle biyu zuwa uku na inji, ban da wadda za a ci da abinci.

Naman halal ya wadatar?

Ga Bayahude mai kiyaye kosha, bai wadatar ba. Yankansu, shehita, sai wanda ya koyi aikin, da wuƙa marar ko ɗan tsagi, sannan a duba huhun dabbar, a jiƙa naman a barbaɗa masa gishiri don jini ya fita. Alade haramun ne kamar a Musulunci, amma sun ƙara da raƙumi da zomo. Kifi sai mai ɓawo da ƙege, don haka tarwaɗa ta fita, jatan lande ma haka, har wanda aka daka a cikin yaji. Ƙwai ana fasa shi ɗaya-ɗaya a kofi, wanda aka ga ɗigon jini a ciki a zubar.

Babbar doka ta biyu: nama da madara ba sa haɗuwa, a tukunya ko a tebur. Tun da liyafar Seder ta nama ce a yawancin gidaje, babu man shanu, babu nono, babu cuku, har a kayan zaƙi da shayin bayan abinci. Mai girkin da ba Bayahudiya ba ta san wannan ma: a gidajen Otodoks ana son Bayahude ya sa hannu a girkin. Ashkenazawa sun wadatu da ya kunna wutar, Sefardawa suna son ya ɗora tukunyar da kansa.

Me ake dafawa?

A gidan Ashkenazawa yawanci ana buɗewa da dafaffen ƙwai a ruwan gishiri, sai kifin gefilte, wato niƙaƙƙen kifi da aka dunƙula aka dafa, sai romon kaza da ƙwallayen garin matsa. Babban abinci naman ƙirjin sa ne da aka dafa a hankali da albasa har ya yi laushi, da kugel, wato gurzajjen dankali da aka gasa da ƙwai, da karas mai zaƙi. Suna guje wa gasasshen nama a wannan dare, kada ya yi kama da hadayar da ba a yi tun bayan rushewar Haikali. A dafa naman da romo a tukunya mai murfi. Wasu gidajen Hasidawa, wani reshe na Otodoks, ba sa jiƙa matsa ko kaɗan, to a can babu ƙwallayen miya.

Sefardawa sun fi yalwa: naman rago a wasu gidaje, ƙwai da aka dafa dare guda da ɓawon albasa har ya yi ruwan ƙasa, fallayen matsa da aka jera da niƙaƙƙen nama a tsakani aka gasa.

Shawarata ita ce a rage. Kafin a kai ga abincin, mutane sun ci matsa, sun sha kofi biyu, dare ya yi nisa. Miya, nama ɗaya, abin haɗi biyu da 'ya'yan itace sun isa. Naman ƙirji ya fi daɗi in ya kwana, kuma ya fi yankuwa da sanyinsa, sai a dafa shi tun ana gobe.

Ana girki a ranar idin kanta?

Ana yi, da sharaɗi. Ba a ƙyasta sabuwar wuta, ba a kashe ta, ba a kunna ko kashe lantarki. Ana ɗaukar wuta daga wadda take ci tun kafin rana ta faɗi, shi ya sa ake kunna kyandir mai daɗewa a ajiye a kicin. In daren ya faɗo a Asabar, wato Shabat, girki ya haramta gaba ɗaya, sai abin da aka bari a kan faranti mai ɗumi. Ba a kuma shirya wa dare na biyu komai sai yinin farko ya fita, ko da jera faranti ne. A shekarar da idi ya zarce cikin Asabar, kamar 2026 da 2027 inda kwanakin farko suka kama Alhamis da Juma'a, akwai wani ɗan tanadi da ake kira erub tabshilin da ke ba da damar yi wa Asabar girki ranar Juma'a. Maigidan ya san shi, a dai tuna masa.

Yaya daren ke tafiya, kuma awa nawa ake yi?

Matakai goma sha biyar ne, Haggada tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ana farawa da albarka a kan kofi na farko, a sha a kishingiɗe ta hagu, zaman 'ya'ya masu 'yanci, don haka a sa matashi a kujeru. A wanke hannu, a tsoma karfas, a karya matsa ta tsakiya gida biyu, a naɗe babban ɓangaren a ɓoye. Shi ne afikoman. Daga nan sai labarin, wanda ke buɗewa da kira cikin harshen Aramiya cewa duk mai jin yunwa ya zo ya ci. In an zo kan annoba goma da suka sauka wa Masar, kowa yana ɗiga inabi daga kofinsa sau goma, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne farin ciki ba ya cika in wasu sun halaka, ko da maƙiya ne. Sai kofi na biyu, matsa, maror, sannan abinci.

Bayan abinci a ci afikoman, wanda masu kiyayewa ke son a ci kafin tsakar dare, kuma ba a cin komai bayansa. Kofi na uku, a buɗe ƙofa saboda Iliya, zabura da waƙoƙi, kofi na huɗu, a rufe da fatan baɗi a Birnin Ƙudus. Na ga gidan da ya gama cikin awa biyu, na ga wanda ya kai ƙarfe ɗaya na dare. A faɗa wa baƙi tun wajen gayyata cewa abinci ba zai zo da wuri ba, su ɗan taɓa wani abu da la'asar. Matsa dai ba a cin ta a yinin, don a tarye ta da marmari.

Yaya zan yi da yara?

Su ne manyan baƙin. Ƙaramin da ya iya magana shi ke rera tambayoyi huɗu, Ma Nishtana: me ya bambanta wannan dare da sauran darare? A koya masa tun saura mako biyu, a tsayar da shi a kan kujera in ya so, kuma kada babba ya karɓe masa in ya yi tuntuɓe. A sa su barcin rana, a ba su abinci kafin a zauna.

Afikoman ma don su aka yi wasansa. A wasu gidaje uba ke ɓoyewa yara su nema, a wasu yara ke sacewa su ƙi bayarwa sai an yi musu alkawarin kyauta. A tanadi kyauta ga kowane yaro, har wanda bai gano ba. Yahudawan Iran da Afganistan suna raba ganyen albasa a riƙa bugun juna da shi a hankali lokacin waƙar Dayenu, tunawa da bulalar masu gadin bayi. Na Maroko suna zagaya farantin Seder a bisa kan kowa. A gidajen Siriya ana saɓa matsa a kafaɗa, a tambayi mutum daga ina, ya ce Masar, a ce zuwa ina, ya ce Ƙudus. In yaro ya yi tambayar da ba ta cikin littafi, a ajiye littafin a amsa masa.

Zan iya gayyatar Musulmi ko Kirista?

Gidaje da yawa suna yi, kuma labarin ba baƙo ba ne ga kowannensu. Musulmi ya san Musa da Fir'auna da tsagewar teku, Suratul A'araf ma ta ambaci fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini. Kirista ya san Linjila ta danganta jibin ƙarshe na Yesu da wannan idi. Amma a bar daren a matsayinsa na Yahudawa, baƙo ya zo ya saurara ya yi tambaya.

Haƙƙin baƙo Musulmi ne a gaya masa gaskiya game da giya. A ajiye masa ruwan inabi marar sa maye a kwalba daban, a yi masa haroset da shi, a duba ko an zuba giya a romon nama. Wani zai zauna a teburin da ake shan giya, wani ba zai zauna ba, sai a tambaye shi tun kafin ranar. Na san gidan da ya mai da kofunan kowa ruwan inabi zalla saboda baƙo ɗaya.

A ɓangaren Otodoks akwai abu biyu. Izinin girki a ranar idi bai haɗa da yi wa wanda ba Bayahude ba girki, shi ya sa wasu ke gama komai kafin rana ta faɗi, wasu kuma su nemi shawarar rabbi. Sannan inabin da wanda ba Bayahude ba ya zuba, masu kiyayewa ba sa sha, sai in dafaffe ne, wanda ake rubuta mebushal a jikin kwalbarsa. A sayi irin wannan, kowa ya huta.

An gayyace ni. Me zan kai?

Kada a kai abin da aka dafa a gida. Shekarar farko da na san maƙwabciyata, na soya cincin cike da roba na kai mata ana gobe idi, yadda muke yi da Sallah. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe hannuna, ta yi godiya har sau uku, ta ce ba za ta iya shigar da shi ba, ta bayyana mini dalili. Na ga yadda abin ya yi mata nauyi, kuma daga ranar ta fara koya mini duk abin da na rubuta a nan. 'Ya'yan itace da ba a yanka ba, ko furanni da aka kai kafin rana ta faɗi a cikin tulunsu, ko kwalin alewa mai tambarin Fesah, duk suna shiga lafiya.

A Abuja ko Akara muke. Ina za mu samu kayan?

Ƙungiyar Yahudawa ta Chabad tana da cibiya a Abuja da Akara, kuma cibiyoyinta a ko'ina an san su da raba matsa da shirya Seder ta jama'a. A tuntuɓe su da wuri, tun da daga waje ake shigo da kayan. Sauran abin farantin kuwa duk yana kasuwa: dabino, latas, albasa, ƙwai, dankali. In naman kosha bai samu ba, kifi mai ɓawo irin su karfasa da giwan ruwa ya isa liyafa, ƙashin faranti kuma wasu suna maye shi da gasasshen jan gwoza na Turawa, wato bitirut.

Bayan daren farko fa?

In gidan na dare biyu ne, a sake komai gobe, sai a raba haroset da maror gida biyu tun farko, a ajiye rabi a firji. Dokar hamets tana nan har duhun daren ƙarshe, kuma wanda ya sayar da nasa ya ɗan dakata har rabbi ya sayo shi kafin ya buɗe kabad. A wanke kayan Fesah a mayar kwali kafin a sauko da na kullum, a kuma rubuta abin da ya ragu da abin da ya kasa, a manna takardar a jikin kwalin saboda baɗi.

Yahudawan Maroko suna rufe idin da bikin Mimuna. A can, maƙwabta Musulmi ne ke kawo gari da zuma da man shanu a daren, a soya wata siririyar waina mai suna mufleta, a bar ƙofofi a buɗe. Maƙwabciyata ba 'yar Maroko ba ce, amma mun yi namu. Washegarin idi nakan shiga kicin ɗinta da sabon gari, ita ta kunna wuta, ni in murza ƙullu in yanka, jikokin suna tsaye a bakin tukunya suna jiran kaskon farko na cincin ya huce.